Kujerar Baba Kolin

Ɗan ƙanena Safwan ya kira ni mai jera kujeru a gaban surukansa, kuma ban yafe ba. A unguwar Selly Oak ta Birmingham abin ya faru, gidan iyayen yarinyar da zai aura. Muna zaune an kawo dambun nama da lemo, uwar yarinyar ta tambaye ni cikin mutunci wane aiki nake yi a Manchester. Kafin in haɗiye abin da ke bakina yaron nan ya riga ni.

"Ai Gwaggo kujeru take jerawa, Mama. Kamar masu rental ɗin nan. Ƙila ma ta samo mana na biki."

Yaron da na goya a unguwar Cheetham Hill a nan Manchester, na wanke masa kashi lokacin da uwarsa da ubansa suke asibiti suna duba marasa lafiya. Ya je jami'a ya karanto injiniya, amma har yau in ya buɗe teburin guga sai ya datse yatsa.

Ban tanka ba a wurin, don gidan mutane ne, kuma dambun ya yi daɗi. Amma ni yanzu na iya rubutu. Sai da na haura arba'in na koya, a ajin yamma na ƙaramar hukuma da ke unguwar Ardwick, tsakanin wata 'yar Somaliya mai yawan dariya da wani direban bas da ke barci da biro a hannu. Tunda na sha wannan wahalar zan more ta. Wannan rubutun na Safwan ne, da sauran samari da 'yan matan da suke zuwa mana neman aikin yini suna zaton hutu aka kira su. Zan gaya muku shekarar da jerin kujeru ya kusa raba wani tsoho da aikin da ya yi duk rayuwarsa, sai ku faɗa mini ko rental ne.

Inda nake aiki ƙungiyar makaɗa ce, irin wadda Turawa ke kira okestra. Taron mutane ne guda sanye da baƙaƙen kaya, kowa da abin kiɗansa, ga wani a gaba da 'yar sanda yana nuna musu lokacin shiga da lokacin yin shiru. Masu goge ne a gaba, ƙanana da manya, har da ƙaton gogen da ya fi mai shi tsawo. Bayansu masu sarewa da algaita, bayansu masu ƙaho da begila, can ƙarshe mai tambura. Gidanmu Manchester, amma muna yawan zuwa Birmingham, kaya a babbar mota, makaɗa a bas. Ni ke shirya musu dandamali. Ba na kiɗa, ba na rawa. Wannan amsa ce ga matan majalisinmu na ranar Lahadi da suka daɗe suna son tambaya suna jin tsoro.

Da shara na fara. Ina goge ƙasan dandamali bayan sun tashi, musamman wajen masu ƙaho, waɗanda ke juye ruwa daga cikin ƙahonsu suna rantsuwa cewa ba yawu ba ne. Wata rana na ga kujerun sun karkace na gyara su a layi, tsaf kamar na asibiti. Da safe wani tsoho ya zo yana ta faɗa ta hanci, yana neman wanda ya taɓa masa jeri. Dezi ke nan, mutumin Birmingham, shugaban masu shirya dandamali. Na ce ni ce, kuma nasa jerin kamar akuya ta ratsa. Ya dube ni, ya ce tunda ina da baki haka in zo in koyi aikin in daina ɓata masa.

Aikina na farko a hannunsa kujera ce mai kuka. Akwai wuraren da kiɗan nasu ke sauka ƙasa har ka ji numfashin na kusa da kai, a nan ne wata kujera ke cewa ƙiii. Dezi ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya, in zauna in girgiza, shi zai saurara. Na ce masa a Funtua mace ba ta girgiza ƙugu gaban namijin da ba muharraminta ba. Ya ce ba komai, zai juya baya, kunne yake buƙata. Haka muka yi, shi yana kallon bango, ni ina hawa kujeru, har muka kama ta. Ɗigon mai ɗaya ne maganinta. Ranar ya ba ni rigar aiki mai aljihuna, kuma abin da ya zuba mini a ciki shi nake yawo da shi har yanzu: salatif baƙi da fari na sa alamar wurin kowace ƙafar kujera, tef ɗin awo, sukudireba, 'yar kwalbar mai, guntayen kwali na kujerar da ke rawa, safar hannu, da fensir, don makaɗi yana iya riƙe gogen da ya fi gida tsada amma fensir ya gagare shi. Akwai kuma zanen jeri, takarda mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo mutum. Na iya karanta ɗigon nan shekaru kafin in iya karanta baƙi.

Ku da kuke cewa kujera kujera ce, ku zo ku ba mai babban goge kujerar mai sarewa ku ga. Mai babban goge yana son doguwa mai ɗan gangara zuwa gaba, in ba haka ba bayansa ya riƙe. Mai ƙaton goge kan dogon kututture yake ɗarewa. Wata 'yar gajera tana son katako a ƙarƙashin ƙafa. Kowa dole ya hango mai sanda ta tsakanin kawunan mutane, kuma hannun wannan kada ya tsone idon wancan. Sai kaya. Akwai wani abu mai tsirkiya da yawa da suke kira haf, doguwa mai ƙugu, da ake lallaɓawa kamar surukar da ta yi karaya. Na taɓa sauko da ita daga mota a Birmingham ana ruwa, ina riƙe da ita ta baya a kan gangara, mai ita tana bina da lema tana rufe haf ɗin, ni ina jiƙewa. Da muka shiga ta tambayi haf ko ta ji sanyi. Ni ba ta tambaye ni ba.

Ga wata al'ada tasu da ya kamata ku riƙe, don labarin zai dawo kanta. Masu goge bibbiyu suke zama, ƙarfen ɗora takarda ɗaya tsakaninsu, na ciki, wanda ya fi nesa da 'yan kallo, shi ke juya shafi. Ba kai ke zaɓen abokin zamanka ba. A sahun gaba na manyan goguna akwai Helin da Matin, waɗanda suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, suka rabu a kotu, duk a kan ƙarfe ɗaya. Bayan rabuwar ma haka suka ci gaba, Matin yana juya mata shafi, ita tana cewa ya yi sauri, gobe ta ce ya yi nawa. Na ce wa Dezi ai zalunci ne, ga ƙarafa jibge a sito. Ya ce, "Gwiwa kusa da gwiwa, 'yar nan. Su ji numfashin juna." Na ɗauka maganar tsofaffi ce, ko kuma ƙyuyar ɗauko ƙarfe.

Sai Baba Kolin, mai tambura. Dogo ne, siriri, gashin girarsa ya fi na kansa yawa. Kafin a fara yakan kwantar da kunne kan fatar tambari yana ɗan taɓawa, kamar ungozoma tana sauraron ciki. Kututturensa tsoho ne duk salatif, an sha sayo masa sabo yana ƙi. Shi ne ya fara gane cewa a sito nake salla, tsakanin akwatunan ƙatti gogunan nan da ke tsaye kamar maza a sahu. Bai ce mini komai ba. Na dai lura duk lokacin da na shiga sai in fito in same shi jingine da ƙofar yana shan shayi, ba wanda ya isa ya shiga. Da na dawo daga Makka ya tambayi yadda ake kirana yanzu, tun daga ranar bai sake cewa Asabe ba, sai Hajiya.

Mummunar shekara ta biyo bayan korona ne. A lokacin ciwon an ce kowa ya yi nesa da kowa, muka baje su kamar shanya, kowa da ƙarfensa. Dezi ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ya ajiye rigar ya koma wurin 'yarsa bakin teku. Aka ba ni shugabanci. Da aka ce a koma zama irin na da, sai ga shi mutanena sun ɗanɗana sarari. Helin ce ta fara zuwa, ta kama hannuna ta ce don Allah in bar mata ƙarfenta, ta gaji da ganin yatsan Matin. Na bar mata. Washegari wasu biyu suka zo. Mai algaita ya ce in ɗan matsar da shi daga mai sarewa, wadda ya ce tana kaɗa kai kamar ita kaɗai ke jin daɗin kiɗan. Na matsar.

Ni fa na jera bukukuwan Hausawa a garin nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na san wadda ba ta gaisawa da wadda, na san dangin angon da ba a ajiye su kusa da abinci. Na Safwan ma in an roƙe ni da ladabi zan duba. Abin da na sani shi ne in mutum biyu ba sa shiri ka raba musu tabarma. Da wannan ilimin na yi aiki.

Sai allunan roba. Wasu alluna ne masu haske kamar gilashi da ake tsayarwa bayan kan mutum don ƙarar begila kada ta huda masa kunne. A zamanin Dezi 'yan kaɗan ne, na waɗanda bakin begila ke saitin ƙeyarsu. A zamanina kowa ya gano yana da kunne. Wannan tana son allo saboda tarin na bayanta, wancan saboda tafarnuwa. Na ba kowa. Manajan ƙungiyar ya yi ta yabona a taro, ya ce tunda aka kafa ƙungiyar ba a taɓa samun ƙarancin ƙorafi irin na bana ba. To dandamali ba ya miƙewa. Duk wanda ya matsa baya ya tura na bayansa, shi ma ya tura na bayansa. Baba Kolin ba shi da wanda zai tura. Ya dangana da bango, kusa da ƙofar gudun gobara, in ya yi miƙa sai gwiwar hannunsa ta taɓa jan gwangwanin kashe wuta. Shi kaɗai ne bai taɓa roƙona komai ba.

Faɗa ya mutu. Amma kiɗa ya kama ciwo. Ni ban san kiɗansu ba, na dai san abin da Dezi ya koya mini: in abu ya yi kyau Bature yana riƙe tarinsa har a gama. A shekarar nan zauren ya koma kamar wurin jiran ganin likita da hunturu. Kuma kowa ya san wanda ake zargi. Tambari ya fara faɗowa a makare, kaɗan dai, kamar mai amsa amin bayan an shafa. Mai sanda, wani matashi mai yawan gashi, ya mayar da hararar Baba Kolin wani ɓangare na aikinsa. Duk inda tambari zai shiga sai ya juyo da harararsa a shirye.

Shugabannin ƙungiya suka ce za su kawo wadda za ta duba lafiyar okestra. Da na faɗa wa ƙanena likita sai da ya ƙware don dariya. "Yaya, da me za ta auna su? BP za ta ɗauka, ko za ta ce su buɗe baki?" Ni ma na zaci mai jaka da kwamfuta za ta zo. Sai ga wata 'yar tsohuwa, Misis Hilda, da rigar sanyi mai gashin kyanwa a jiki da fakitin biskit a aljihu. An ce ta yi shekaru tana jagorantar masu goge a wata ƙasa kafin yatsunta su ƙi.

Na sa mata ido, don ina son ganin yadda ake wannan aikin. Yau ta zauna a gaba, gobe can sama wurin kujeru masu arha, jibi a gefe, ido rufe har ka ce barci take. Lokacin shan shayi ba ta zama da manya, tana tsayawa ne tana kallon wa ke zama da wa. Ta tambayi mai gadi ko makaɗa suna fita tare ko ɗai-ɗai. Ni kuma ta tare ni ina naɗe waya ta ce, "Yaushe rabon da ki ji sun goga ƙafa?" Al'adarsu ce, in ɗaya ya yi abin kirki a wurin da aka bar masa shi kaɗai, tunda hannayen sauran na riƙe da kaya ba damar tafi, sai su goga tafin takalmi a ƙasa. Na tsaya na yi tunani. Na ce an daɗe, kuma ƙasan dandamalin ya fi kyau yanzu. Ta ce "Hmm," ta ba ni biskit.

Ana cikin haka manaja ya ja ni gefe, yana magana ƙasa-ƙasa. Wai ya ji a Cheetham Hill akwai mai yin kek mai kyau, ko zan tambayo masa ko ana iya yin mai siffar tambari.

"Na wane ne?"

"Ba a yanke komai ba tukuna, Asabe. Shiri ne kawai."

"Mai kek ɗin ta yi tafiya."

"Yaushe za ta dawo?"

"Ba ta faɗa ba."

Baba Kolin ba yaro ba ne, ya san ana auna masa kek ɗin sallama daga aiki. Na fito daga sallar azahar na same shi a bakin ƙofa, shayin ya huce a hannunsa.

"Hajiya, ki gaya mini gaskiya. Na tsufa ne?"

"Ka tsufa mana. Tun da na zo gidan nan tsoho na same ka."

"Na je an duba kunnen. Sun ce ya fi na ɗana."

"To hannun fa?"

Ya miƙo mini shi. Ko rawa ba ya yi. Ya ce, "Ina bugawa daidai inda nake bugawa tun kafin a haifi yaron can mai sanda. Ban san ina lokacin yake zuwa ba."

Gwajin ƙarshe a Manchester da rana aka yi, washegari za mu Birmingham, kuma wasan Birmingham shi ne na ƙarshe da Misis Hilda za ta ji kafin ta je gaban shugabanni. Ranar ba ta zauna a zaure ba. Ta hau dandamali, ta ɗan zauna bayan masu goge, ta tashi ta koma bayan masu algaita, tana ratsa alluna tana neman hanya kamar mai neman fita daga kasuwa. Da ta isa wurin Baba Kolin ta daɗe. Sai ta ɗago hannu ta yafito ni. Na lallaɓa ta gefe na je. Ta nuna mini wani kututture kusa da shi. Na raɗa mata cewa ni ba na zama in ana kiɗa. Ta ce yau zan zauna.

Duk shekarun nan ban taɓa jin su daga ciki ba. Na duba gaba neman mai sanda, sai na hango shi can nesa ta cikin allo bayan allo, fitilu suna wasa a kan robar, sandarsa ta zama uku. Kiɗan kuma yana zuwa kamar rediyon maƙwabci ta bangon flat. Baba ya ɗaga sandunansa, ya karkata kai wajen ƙattin goguna, waɗanda a da suke dab da kunnensa na hagu, yanzu suna wata unguwa. Ya jira su, suka iso, ya buga. A inda nake zaune bugun ya faɗi daidai, ba gaba ba baya. Can gaba kuwa mai sanda ya juyo da harara.

Da aka tashi kowa ya watse, ta ce in tsaya.

"Kin ji?"

"Na ji. Daidai ya buga."

"A nan daidai ne. Sauti tafiya yake yi, Asabe. Sai ya taka ya zo wurinsa, ya amsa, amsar ta taka ta koma. Zuwa da dawowa, ga shingaye a hanya."

Na gane nan take, don na sha kiran Funtua ranar da layi ba kyau, ina cewa ina kwana ana amsa mini sai anjima.

"Wa ya yi jerin nan?" ta tambaya.

"Ni."

"Me ya sa?"

"Don a zauna lafiya. Da can kullum faɗa. Yanzu ko guda babu."

"Na lura. Ba faɗa, ba gaisuwa, ba goga ƙafa."

"A garinmu in mutum biyu ba sa shiri ba a haɗa su wuri ɗaya. Ko a biki."

"A bikin naku ana so su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya?"

"A'a. Su ci su tafi."

Ta yi dariya har biskit ya sarƙe ta. Ta ce ta yi shekaru tana zaune gefen wani mutum da take addu'ar bas ta take shi. "Amma ba mu taɓa shiga a rabe ba. Ina jin lokacin da yake jan numfashi, ina ƙin sa, ina shiga. Waɗannan naki kowa ya iya kiɗa. Ba wanda ke jin kowa. Tsohon nan shi kaɗai ne har yanzu yake sauraro, shi ya sa shi kaɗai ake ji ya makara."

Na ce to ta faɗa a gyara mana. Ta ce ita ba ta da ikon matsar da ko kujera ɗaya, kunne aka ɗauko ta ta kawo. "In ya makara gobe zan ce ya makara, zan kuma faɗi dalili. Amma na san shugabanni. Jimlar farko suke ji, sauran suna duba agogo. Sallamar tsoho ɗaya ta fi musu sauƙi a kan ɓata wa mutum tamanin rai."

Har yau ban ce na yi kuskure ba. Zaman lafiya aka roƙe ni, na bayar, kuma mai kyau na bayar. Ba wanda ya gaya mini cewa wannan sana'ar da ɗan faɗa take tafiya, in ban da Dezi, shi kuma ta hanci ya faɗa.

Na sami manaja a ofis na ce ina son mayar da jeri irin na da. Ya dafe kai. Ya ce ba zai yiwu haka kawai ba, kowane allo da kowane ƙarfe an amince wa mai shi, sai kwamitin makaɗa ya zauna, kuma ba zai zauna ba sai wata mai zuwa. Na ce wata mai zuwa an riga an yanka kek. Ya ce ya fahimci damuwata. Turawa in suka ce sun fahimci damuwarka, ka ɗauki jakarka.

Washegari da na idar da asuba na hau bas na tafi wurin lodi. Ni ke faɗin abin da zai shiga mota. Tambura suka shiga, haf ta shiga da bargonta, kujeru, kututturen Baba mai salatif. Da aka zo kan alluna na ware na waɗanda begila ke saitin ƙeyarsu da gaske, don ba na son alhakin kunnen kowa. Sauran, na tari da na tafarnuwa da na ƙiyayya, na jingine su a sito. Ƙarafa na ƙirga ɗaya ga kowane masu goge biyu, ragowar suka bi alluna. Na kulle sito na jefa mukulli a jaka. Direba ya ce motar ta yi masa sauƙi yau. Na ce ya gode wa Allah ya ja.

A Birmingham ban buɗe zanena ba. Na Dezi yana kaina. Na jawo masu goge gaba har sahun farko ya kusa taka mai sanda, na haɗa gwiwa da gwiwa, na manna mai algaita da mai sarewa, na kawo ƙattin goguna gefen hagu, na tura tambura gaba har sai da na tabbata Baba zai iya karanta lambar wuyan rigar mai ƙaho.

Bas ɗin makaɗa ta iso. Suka shigo suna hira, suka ga jerin suka tsaya cak. Helin ce ta fara magana.

"Asabe, ina ƙarfena?"

"Yana Manchester."

"Mantawa aka yi?"

"A'a."

Ta dubi Matin, Matin ya dubi silin. Manaja ya taho da sauri fuska ja, na ce masa motar ba za ta je ta dawo kafin gwaji ba, in yana da magana kwamiti zai zauna wata mai zuwa. Mai algaita ya ce ba zai iya numfashi ba. Na ce mai sarewa tana da saura, ya ara. Suka zazzauna suna gunaguni, gwiwar hannu na karo da gwiwar hannu, wani ya taka wata, aka yi faɗan farko na shekarar tun kafin a ɗaga sanda. Can tsakiyar zaure Misis Hilda tana buɗe fakitinta.

Baba Kolin ya hau kututturensa, ya waiga neman gwangwanin kashe wuta bai gan shi ba. Ya ce, "Hajiya, ina jin ƙamshin man gashin mai ƙaho."

"Ka shaƙa ka yi aikinka."

Aka fara. Na tsaya a gefe inda na saba, hannu a aljihu ina riƙe da kwalbar mai. Matin ya juya shafi, Helin ta ce masa wani abu ta gefen baki ba tare da hannunta ya tsaya ba. Kiɗan ya yi ta hawa zuwa wurin da tambari ke shiga. Baba ya karkata kai hagu, ya ɗaga sanduna, ya sauke.

Mai sanda ya juyo da harararsa a shirye kamar kullum. Ya rasa inda zai ajiye ta. Ya ɗan riƙe ta a fuska, sai ya ba mai algaita.